Dalilin da ya sa rubutu ke cakuɗewa in ya tashi daga wata kwamfuta zuwa wata

Abu ne da masu aikin buro da masu shagunan buga takardu suka sha cin karo da shi. An aiko da jerin sunaye daga Yamai, kowane suna a layinsa, amma da aka buɗe shi a wata tsohuwar kwamfuta a Tawa ko Damagaram, sai ga sunayen duka sun haɗe a layi guda mai tsawo, ba a gane inda wannan ya ƙare, wancan ya fara. Galibi akan ɗora laifin a kan birus ko kile USB. Alhali fayil ɗin, wanda ma'aikata suka fi sani da fishiye, lafiyarsa lau. Kwamfutocin biyu ne ba su yi jituwa a kan abu ɗaya ba: alamar da ke nuna cewa layi ya ƙare.

Kwamfuta ba ta ganin layi yadda ido ke ganinsa. A wurinta rubutu jerin lambobi ne, kowane harafi da lambarsa. Idan mutum ya danna maɓallin Entrée, takan saka wata alama da ba ta fitowa a allo. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, alamomi biyu ne ke wannan aiki: CR mai lamba 13, da LF mai lamba 10.

Wanda ya taɓa aiki da keken rubutu a ofis zai gane asalinsu nan da nan. In an kai ƙarshen layi, sakatare kan tura hannun keken, abu biyu kuma su faru: abin da ke riƙe da takarda ya koma farkon layi, takardar kuma ta ɗaga sama da layi ɗaya. Na farkon shi ne CR, wanda Faransawa ke kira retour chariot, na biyun kuma LF, wato saut de ligne. Tun a 1901 Donald Murray ya shigar da su cikin haruffan wayar tangarahu, lokacin da ya gyara tsarin Bafaranshen nan Émile Baudot. Raba su biyu kuwa yana da dalili. Na'urar Teletype 33, wadda aka yi ta jonawa da kwamfutoci a shekarun 1960, haruffa 10 take bugawa a daƙiƙa, kuma kanta ba ya iya komawa farkon layi cikin lokacin harafi ɗaya. Sai a aika CR tukuna, LF ya biyo baya, kan ya samu sararin isowa. In ba haka ba, harafin farko na sabon layi zai faɗa a tsakiyar takarda.

Da allo ya maye gurbin takarda, kowane kamfani ya kama gabansa. Tsarin Unix, da aka fara a Bell Labs a 1969, ya ɗauki LF kaɗai, kuma shi Linux da Android na cikin salula suke bi. MS-DOS na 1981 ya gaji CR da LF tare daga tsarin CP/M, Windows kuma ya gada daga gare shi. Kamfanin Apple ya zaɓi CR kaɗai, har sai da Mac OS X ya fito a 2001 ya koma LF.

Ga inda matsalar take fitowa. Bloc-notes na Windows ya shafe shekara fiye da 30 bai san wani ƙarshen layi ba sai CR da LF a haɗe. In ya ga LF shi kaɗai, sai ya wuce kamar ba komai, rubutun ya zama layi guda. Sai a 2018 Microsoft ya gyara wannan a Windows 10. Duk kwamfutar da ke kan Windows 7, kuma irinsu ba su ƙare ba a ofisoshi da makarantu, tana nan da tsohon halinta.

Wannan ma da sauƙi, tunda ido na gani. Wanda ya fi cutarwa shi ne in fayil ya tashi daga Windows zuwa Linux. Can LF kawai ake jira, don haka CR ɗin kan maƙale a ƙarshen kowane layi kamar wani harafi na daban. A ɗauka wata ƙungiya ta shirya jerin mutanen da za a tura wa kuɗin tallafi, lambar salula ce ta ƙarshe a kowane layi. Idan manhajar da ke karanta jerin ba ta share CR ba, lamba mai alƙaluma 8 ta zama mai 9 a wurinta. A allo lambobin daidai suke, amma na'ura ta ce ba ta san su ba, ma'aikaci ya kwana yana duba abin da ba ya ganuwa. Masu rubuta manhaja sun san wannan alama da siffar ^M, kuma ita kaɗai ta isa ta hana ƙaramin shirin umarni tashi a Linux. Masu aiki tare da Git kuma sukan tarar an nuna musu cewa duk layukan fayil sun canza, alhali ba wanda ya taɓa ko kalma ɗaya.

Maganin bai da tsada. Notepad++, manhajar kyauta da Don Ho ya fara fitarwa a 2003, tana nuna irin ƙarshen layin fayil a ƙasan allo, tana kuma juya shi daga wani zuwa wani. A Linux akwai umarnin dos2unix da unix2dos. Mai tsohon Windows da ke son karantawa kawai zai iya buɗe fayil ɗin da WordPad. Abin da bai kamata ba shi ne a zauna ana raba layukan da hannu, domin a nan ne ake tsallake suna ko a yanke lamba. Ya fi kyau mai aikowa da mai karɓa su daidaita tun farko a kan tsarin da manhajarsu ke buƙata.

Matsalar ta shafi rubutu tsura ne, irin fayilolin txt da csv. Takardun Word da PDF suna da nasu hanyar raba sakin layi. Haka kuma in ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suka rikiɗe suka zama alamar tambaya, wannan ba laifin ƙarshen layi ba ne. Tsarin lambobin haruffa ne ya saɓa, kuma adana fayil a UTF-8 shi ke magance shi.