Daɓen Gida In Ya Mutu, Faci Ba Ya Tashinsa

Duk wanda ya zaga unguwannin da 'yan Arewa suka fi yawa a Kurmi, kamar Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, zai ga gidaje da yawa da daɓen simintinsu ya dare, wani gefe ya lotsa, wani ya tashi, ruwa ya kwanta a tsakar gida kamar tafki. A nan tsofaffi ke tuntuɓe in sun fito alwalar asuba, a nan kuma sauro ke ƙyanƙyasa.

Da yawa daga gidajen nan an gina su ne a zamanin da kuɗin man fetur ya shigo, lokacin da aka yi ta gine-gine har aka kafa Festac saboda bikin 1977. A 1975 ma odar simintin da gwamnatin Janar Gowon ta bayar ta kai wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cunkoso a bakin tashar Apapa, siminti mai yawa ya sha laima ya daskare tun bai sauka ba. Daɓen da aka zuba a wancan zamani yau ya kai shekara hamsin ko ya doshe ta, ya kuwa yi iyakar ƙoƙarinsa.

Amma ba tsufa kaɗai ke kashe daɓe ba. A Kano ko Sakkwato ƙasa takan bushe wata da watanni. Ikko kuwa ruwan da take samu a shekara ya yi kamar biyun na Kano, ga shi wurare da yawa fadama ce aka cike. Ruwa yakan bi ta ƙarƙashi ya zare ƙasa a hankali, kankare ya zauna a kan iska, ran da motar kaya ta taka sai ya karye. In da rodi a ciki, aka kuma kwaɓa da yashin da ke da gishiri, rodin yakan yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Saiwar bishiya ma tana nata aikin.

To, yaushe ne faci zai yi, yaushe ne ba zai yi ba? Tsaga siririya wadda bakinta biyu ke daidai, wannan a cike ta ya isa. Amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko an buga da guduma an ji yana amo kamar ganga, ko rodi ya leƙo waje ja wur, to ciwon a ƙasa yake. Shafa sabon siminti a kai asarar kuɗi ce, damina ɗaya za ta tona asiri. Wanda ya fi duka hatsari shi ne murfin ramin masai. Iskar da ke tashi daga ramin tana cin kankare da rodi ta ciki inda ido ba ya gani, yara kuwa a kansa suke wasa. Wannan in ya tsage ba a jiran sai an sami sarari.

Aikin kansa yana farawa ne da fasa tsohon daɓen da diga da guduma, bayan an gane inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi. A kwashe ƙasa mai laushi, a zuba burji ko tsakuwa, a yayyafa ruwa a daddaɓe sosai. Nan ne birkila mai gaggawa yakan yi ha'inci, domin ya san da zarar an rufe ba mai gani. Kyau ya yi mai gida ya bar kasuwa ran nan ya tsaya a kai da kansa.

Kaurin inci 4 ya isa tsakar gida da hanyar ƙaramar mota. Inda babbar mota za ta shiga sauke goro ko buhunan albasa, sai inci 6 da rodi. Kwaɓin da aka sani shi ne siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, watau buhu ɗaya mai kilo 50 ya ɗauki kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. A wannan lissafi, fili mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi zai ci wajen buhu 8. Wanda ya ce zai yi shi da buhu 4 ba gwaninta ya fi wasu ba, yashi zai sayar wa mai gida. Buhun da aka buɗe aka tarar da gudaji masu tauri a ciki kuwa a mayar wa mai shi.

Leburori suna son ruwa ya yi yawa a kwaɓi don shebur ya yi sauƙi, alhali yawan ruwa shi ke rage ƙarfin kankare. Kimanin lita 25 ga buhu ya wadatar. Sa'an nan a karkata daɓen kaɗan zuwa kwata, kamar inci 1 a kowace ƙafa 4, kada ruwa ya nufi gindin bango. A kuma yanka layi a kowace ƙafa 10, don in zai tsage ya bi nan. Bayan an gama, a rufe shi da buhunan algarara a riƙa jiƙawa har kwana 7, babbar mota kuma ta haƙura sai ya cika kwana 28. Rani ya fi dacewa da aikin, daga Disamba zuwa Fabrairu.

A wuraren da ƙasa ke yawan motsi, mutane da dama yanzu sun koma shimfiɗa duwatsun intalok, domin in wuri ya lotsa sai a ɗaga su a gyara ƙasa a mayar.

Saura maganar 'yan haya, su ne kuwa suka fi yawa. Mutum yakan ga daɓe ya dame shi ya zuba kuɗinsa, shekara na zagayowa mai gida ya ƙara masa haya ko ya ba shi notis. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar neman diyyar gyaran da ya yi in mai gida ya tashe shi, amma da sharaɗin ya sami izinin mai gidan a rubuce tun kafin ya fara. Saboda haka kafin a sauke tifar yashi ta farko, a rubuta takarda, a ambaci kuɗin da yadda za a cire shi daga haya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.