Labaran Soyayya Tsakanin Maza Biyu: Rassan Fannin da Abin da Ke Riƙe Mai Karatu

A kasuwar littattafai ta Amurka da Ingila, labarin soyayya fanni ne mai zaman kansa wanda yake da ƙa'idojin da marubuta da maɗaba'u da masu karatu suka amince da su. Ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita su zuwa sharuɗɗa biyu: soyayyar taurari biyu ta kasance ita ce babban jigo, kuma labarin ya ƙare da farin ciki, masoyan suna tare. Cikin wannan fanni akwai reshen da taurarinsa biyu duk maza ne, wanda 'yan kasuwar littafi suke yi wa alama da haruffan M/M, wato namiji da namiji. Mai karatun da ya saba da littattafan soyayya na Kano zai gane ginin nan take, domin haɗuwa ce, sai shinge, sai rabuwa, sai sulhu. Amma wannan reshe ya girma ne a wasu al'ummomin daban, kuma a Nijeriya, inda addini da al'ada suke ƙyamar irin wannan alaƙa kuma dokar da aka sanya wa hannu a 2014 ta haramta ta, ba shi da kasuwa a fili. Saboda haka bayaninsa yana buƙatar a dube shi a inda ya tsiro.

Sharaɗin ƙarewa da farin ciki ya fi nauyi a wannan reshe fiye da kowane, saboda tsawon lokacin da aka ɗauka ba a yarda da shi ba. Marubucin Ingila E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya kuma dage cewa taurarinsa biyu sai sun tsira tare, alhali ya san cewa wannan ƙarshe shi ne zai hana a buga littafin, tunda dokar ƙasar ta lokacin tana ɗaure maza a kan irin wannan mu'amala, kuma labarin da bai hukunta su ba za a ɗauke shi kamar kira ne zuwa aikata laifi. Littafin bai fito ba sai a 1971, shekara ɗaya bayan rasuwar Forster, shekara huɗu bayan majalisar dokokin Birtaniya ta sassauta dokar a Ingila da Wales a 1967. A tsakanin waɗannan shekaru, mafi yawan ƙagaggun labaran da suka taɓo batun sun ƙare da kisa ko hauka ko kaɗaici, kamar yadda bugun farko na The City and the Pillar na Gore Vidal, wanda ya fito a 1948, ya ƙare da kisan kai. Wannan tarihi ne ya sa masu bin fannin a yau suke da tsauri wajen rarrabewa: gajeren labarin Brokeback Mountain na Annie Proulx, na 1997, da The Song of Achilles na Madeline Miller, na 2011, duk sun shahara kuma duk soyayya ce a cikinsu, amma tunda mutuwa ce ta raba masoyan, ba a lissafa su cikin fannin.

Reshen kamar yadda aka san shi yanzu ya sha daga wasu maɓuɓɓuga biyu da ba su da alaƙa da manyan maɗaba'u. Ta farko ita ce rubutun masoya shirye-shiryen talabijin, yawancinsu mata, waɗanda tun shekarun 1970 suka riƙa ƙirƙirar labarai a kan taurarin shirin Star Trek, Kirk da Spock, suna bugawa a ƙananan mujallu suna aika wa juna ta gidan waya. Ta biyu ita ce Japan, inda masu zanen labarai mata irin su Hagio Moto da Takemiya Keiko suka soma zana soyayyar samari ga 'yan mata masu karatu a daidai wannan zamani, har aka kafa mujallar June a 1978 domin irin waɗannan labarai. Zuwan na'urar karatu ta Kindle a 2007 ya buɗe kasuwa, domin marubuci yana iya buga littafinsa da kansa ba tare da ya roƙi maɗaba'a ba, mai karatu kuma yana iya saye ba tare da kowa ya ga bangon littafin ba.

Tunda an san ƙarshen tun daga shafin farko, daɗin karatun yana cikin hanyar da za a bi a kai can, kuma a nan ne rassan fannin suka bambanta, domin kowane reshe yana da nasa shingen da yake gindaya wa masoyan. Reshen tarihi shi ne ya fi wahalar rubutawa, shi ne kuma ya fi nuna gwanintar marubuci. Labarin da aka gina a Ingila ta ƙarni na 19 yana gudana ne a ƙarƙashin dokar da hukuncinta kisa ne: a 1835 aka rataye maza biyu na ƙarshe a Landan a kan wannan laifi, hukuncin kisan bai fita daga doka ba sai 1861, sannan gyaran da aka yi a 1885 ya faɗaɗa laifin, wanda a ƙarƙashinsa ne aka ɗaure Oscar Wilde a 1895. Marubucin labarin soyayya tsakanin namiji da mace yana rufe littafinsa da ɗaurin aure, shi ke nan. Marubucin wannan reshe ba shi da wannan ƙofa, don haka dole ya ƙirƙiro zaman da zai dawwama ba tare da ya jawo zargi ba, kamar ɗaya ya zama magatakardar ɗayan, ko abokin kasuwancinsa, ko maƙwabcin gonarsa. K. J. Charles ta Ingila da Cat Sebastian ta Amurka sun yi suna a wannan fage, kuma abin da ke bambanta kyakkyawan aiki da marar kyau a nan shi ne ko marubuci ya bar haɗarin ya yi nauyinsa, ko kuwa ya sa wa mutanen zamaninmu tufafin da kawai. Bambancin matsayi ma yana shigowa da ƙarfi, domin idan ɗaya basarake ne ɗayan kuma talaka, fallasa ba za ta cinye su daidai ba.

A labaran zamani kuwa shingen ya sauya wuri. Bayan Holan ta halatta auren jinsi a 2001, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta yi haka a 2015, doka ta daina zama abokiyar gaba a labaran da aka gina a waɗannan ƙasashe, sai marubuta suka koma neman wuraren da ɓoyewa take da dalili har yanzu. Wasanni na daga cikinsu: Heated Rivalry na Rachel Reid, na 2019, ya haɗa 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara biyu, ɗaya ɗan Kanada ɗaya ɗan Rasha, waɗanda duniya ta ɗauke su abokan hamayya. Siyasa da sarauta ma haka: a Red, White & Royal Blue na Casey McQuiston, shi ma na 2019, ɗan shugabar Amurka ne da yariman Birtaniya, kuma an mayar da shi fim a 2023. Ga matasa akwai Heartstopper na Alice Oseman, labarin zane da ya soma a intanet a 2016 kafin Netflix ta mayar da shi shiri a 2022, wanda ya fi mayar da hankali ga kunya da abota da tsangwamar makaranta.

Reshen binciken laifi yana amfani da tsawon jerin littattafai, inda kowane littafi yake warware kisa ɗaya amma soyayyar take ja har ƙarshen jerin, kamar labaran Adrien English na Josh Lanyon da suka soma a 2000, a kan mai kantin littattafai da ɗan sanda mai bincike. Reshen duniyar ƙirƙira kuma yana ba marubuci damar da babu ita a sauran, wato ya gina al'ummar da ba ta ɗauki alaƙar a matsayin abin magana ba, ta yadda shingen zai zama yaƙi ko tsafi ko biyayya ga sarki. Mafi girman misalinsa ya fito ne daga Sin, inda ake kiran fannin danmei kuma ake buga shi babi-babi a shafuka irin su Jinjiang, wanda aka kafa a 2003. Mo Dao Zu Shi na marubuciyar da ke amfani da sunan alƙalami Mo Xiang Tong Xiu ya haɗa masu neman ƙarfin ruhi da takobi da fatalwa da rikicin dangogi, amma da aka mayar da shi shirin The Untamed a 2019, sai aka sauya soyayyar ta koma aminci tsakanin 'yan'uwan gwagwarmaya domin a wuce hukumar tace finafinai. Matsin ba na wasa ba ne, domin a 2018 wata kotu a lardin Anhui ta yanke wa marubuciyar da aka sani da Tianyi ɗaurin sama da shekara 10 bisa laifin bugawa da sayar da littafin batsa.

Masu karatu ba da reshe kaɗai suke zaɓar littafi ba. Suna kuma duba zubin da aka saba maimaitawa, kamar maƙiyan da suka koma masoya, ko aminan da suka daɗe ba su gane abin da ke tsakaninsu ba, ko soyayyar ƙarya da aka shirya don wata manufa sai ta zama gaske, ko labarin da ke tafiya a hankali har masoyan ba sa furta komai sai kusa da ƙarshe. Suna duba matakin bayyana kusanci na jiki, wanda yake kamawa daga littattafan da ba su wuce riƙe hannu ba zuwa waɗanda aka keɓe wa manya, kuma marubuta da yawa sukan sa gargaɗi a farkon littafi game da abin da ke ciki. Wanda bai saba ba yakan ɗauki wannan maimaici a matsayin rauni, amma ga ma'abocin fannin sanin zubin shi ne ma'aunin da yake auna sabon marubuci da shi.

Muhawarar da ta fi daɗewa a fannin ita ce ta wanda yake rubutawa da wanda ake rubuta wa, domin kaso mai yawa na marubuta da masu karatu mata ne. A Japan an yi wannan jayayya a fili tun 1992, lokacin da wani ɗan fafutuka, Sato Masaki, ya zargi labaran da mayar da maza masu son maza kayan kallo, kuma a can ɗin akwai wani fanni daban da maza suke zana wa maza, wanda Tagame Gengoroh ya fi kowa shahara a cikinsa. A Amurka maganar ta sake tasowa a 2015 da aka bayyana cewa Josh Lanyon mace ce, bayan masu karatu da yawa sun shafe shekaru suna ɗaukar ta namiji. Masu kare matan suna cewa labarin da babu mace a tsakiyarsa yana ba su damar karanta soyayyar da ba a riga an raba wa kowa matsayinsa ba, masu suka kuma suna nuna cewa sau da yawa ana rarraba taurarin biyu zuwa mai ƙarfi da mai rauni, wato an dawo da tsohon rabon ta bayan gida. Maza marubuta irin su T. J. Klune, mai The House in the Cerulean Sea na 2020, sun samu kasuwa mai faɗi a shekarun baya-bayan nan, kuma kyautar adabi ta Lambda, wadda aka soma bayarwa a Amurka a 1989, tana da rukuni na musamman ga wannan reshe wanda maza da mata duk suka taɓa lashewa.