Macbeth: wasan dandali da ƴan fim suka kasa bari

Yau za mu duba wani tsohon wasan kwaikwayo, wato teyatur, mai suna Macbeth. William Shakespeare na Ingila ne ya rubuta shi wajen shekarar 1606, aka buga shi a littafi a 1623. Fiye da shekara 400 ke nan, amma har gobe masu shirya fim suna ɗibar ruwa a rijiyarsa.

Ga labarin a taƙaice. Macbeth jarumin yaƙi ne a ƙasar Sukotilan, amintaccen Sarki Duncan. Yana dawowa daga fagen fama sai wasu bokaye mata uku suka tare shi, suka ce masa zai zama sarki. Matarsa ta yi ta zuga shi, har ya kashe sarkin cikin dare, alhali baƙonsa ne a gidansa. Ya samu gadon sarauta, amma barci ya ƙaurace masa. Don ya rufe kisa ɗaya sai da ya ƙara wasu, har da na amininsa Banquo. Matar ta zautu, tana yawo cikin barci tana wanke jinin da ita kaɗai ke gani a hannunta.

Wanda ya karanta wasan zai lura da wani abu: ba a nuna kisan sarkin a gaban ƴan kallo. Macbeth na fita, sai ya dawo da wuƙaƙe da jini a hannu. Sauran aikin zuciyar mai kallo ce ke yin sa. A nan ne kowane mai shirya fim yake da zaɓi. Roman Polanski, a fim ɗinsa na 1971, ya nuna kisan ƙiri-ƙiri. Shi kuwa Akira Kurosawa na Japan, a 1957, ya bar kyamara kan matar tana zaman jiran mijinta ya gama aika-aikar.

Kurosawa ya kwashe labarin kacokan ya kai shi zamanin mayaƙan Japan na da. Bokaye uku suka koma aljana guda mai kaɗi a cikin kurmi. Ƙarshen ma ya sake shi: maimakon abokin gaba ya kashe jarumin, dakarunsa ne suka yi masa ruwan kibau.

Mu da muka saba da finafinan Indiya, ga namu. A 2003 Vishal Bhardwaj ya fitar da Maqbool, da Irrfan Khan da Tabu. Sarki ya zama uban ƴan daba a birnin Mumbai, bokayen kuma suka zama ƴan sanda biyu maciya hanci masu duba taurari. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka fim ɗin ƴan ta'adda ne kawai. A Amurka ma Denzel Washington ya fito a matsayin Macbeth a 2021.

To, me ya sa ba ya tsufa? An sauya ƙasa, an sauya tufafi da harshe, amma ƙashin bayan labarin na nan: cin amanar wanda ya yarda da kai, da tsoron da ke biyo baya. Bokayen ba su ce masa ya kashe kowa ba, kwaɗayin da ke ransa suka taɓo. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawararmu ga ƴan lakwal da ƙungiyoyin teyatur na samari: in littafin ya zo hannunku, ko da fassarar Faransanci ce, kada ku karanta shi shiru. An rubuta shi ne don baki da kunne. Ku raba matsayi, kowa ya ɗaga murya. In kun gama sai ku kalli fim ɗin, ku ga abin da aka ɗauka da abin da aka bari.