Hawan Jini a Jikin Mace: Abin da Ya Kamata Ki Sani

Mene ne hawan jini?

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi da ƙarfi. Idan ƙarfin ya wuce kima kuma ya ƙi sauka, shi ake kira hawan jini. Na'urar awo tana ba da lamba biyu: ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Idan an auna ki a ranaku daban-daban ana samun 140/90 ko fiye, kina da shi.

To ai ba na jin komai?

Yawancin masu shi ba sa jin komai, har sai ya taɓa zuciya ko ƙoda, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kuma sai mai yawan tunani yake kamawa ba. Akwai gado, akwai ƙiba da yawan gishiri, kuma haɗarin yana ƙaruwa bayan mace ta daina al'ada. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma kan ɗaga shi, don haka a auna ki kafin ki fara sha.

Mai ciki fa?

Nan ne abin ya fi tsanani. Daga mako na 20, jini kan hau ko ga wadda ba ta taɓa samunsa ba, musamman mai cikin fari ko na tagwaye. Idan aka bar shi, yana kai wa ga jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. Matsanancin ciwon kai, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk na zuwa asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne. Haihuwa ma ba ta rufe maganar, domin yakan taso a cikin jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, saboda kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri.

Me zai ci miki?

Awo ba shi da tsada, kuma yana cikin abin da ake yi a kowane awon ciki. Magani kuwa na kullum ne, ba a daina shi don an ji sauƙi. Idan kina sha kika samu ciki, ki gaya wa likita da wuri, don wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi. Gishirin yini ɗaya kada ya wuce ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Ki je a auna ki a wannan makon, ki kuma nemi a rubuta miki lambar.