In injin wanki ya ƙi daina shan ruwa

Ranar Asabar ina cikin duba littattafan ɗalibai, sai ƙanwata ta ƙwala min kira: "Yaya, zo ka gani, ruwa ya malale ɗaki!" Ashe injin wanki ne ya cika har yana zubarwa.

In haka ta same ka, kada ka taka ruwan alhali injin na jone da lantarki. Fara kashe wuta daga babban makunni, sannan ka rufe famfo.

Injinan zamani kan nuna alama a fuskarsu. A LG, FE na nufin ruwa ya wuce kima, a Samsung kuwa OE ko OC. Sai dai OE a LG ma'anarsa ruwa ya ƙi fita, don haka a duba littafin injin.

Ga gwaji mai sauƙi bayan ƙasa ta bushe. Cire fulogi, ka buɗe famfo kaɗan. In ruwa ya ci gaba da shiga, to bawul ɗin shigar ruwa ne ya maƙale, galibi saboda yashi ko tsatsa daga tanki. In ya tsaya, a duba siririn tiyon da ke zuwa na'urar auna ruwa. In ya toshe ko ya tsage, injin ba zai san ya ƙoshi ba. Garin sabulu in ya yi yawa ma, kumfarsa kan rikita na'urar.

Namu dai bawul ne, mai gyara ya canza shi. Tun ranar nake kwance tiyon famfo lokaci-lokaci in wanke 'yar rariyar da ke bakin bawul ɗin.