Ɗaukar Wasan Kwamfuta da Matse Shi Don Yaɗawa a Intanet: Adana Hoto ko Adana Umurni

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan wani al'amari da ya zama ruwan dare tsakanin ɗalibanmu, amma ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, watau yadda mai wasan kwamfuta yake ɗaukar wasan da ya yi, ya rage masa nauyi, sa'an nan ya ɗora shi a intanet don wasu su kalla. Mai yiwuwa wani ya ga batun bai kai a kawo shi zauren taro irin wannan ba. Amsarmu ita ce, fasahar da ake matse hoton wasa da ita, ita ce dai malami zai nema ran da ya tashi ɗaukar darasi daga allon kwamfuta don aika wa ɗalibai. Wasa kuwa shi ne gwajin da ya fi tsananta wa wannan fasaha, saboda haka a nan ne aibinta ya fi fitowa fili.

Za mu nuna cewa hanyoyi biyu ne ake bi. Ko dai a adana hoton abin da ya bayyana a allo, ko kuwa a adana umurnin da mai wasa ya ba na'ura. Ta farko ce ta mamaye duniya, amma ta biyun tana da wata daraja da ba a cika kulawa da ita ba.

2.0 Nauyin Kayan

Bidiyo ba kome ba ne illa tsayayyun hotuna da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Kowane ɗaya daga cikinsu za mu kira shi falle, kamar fallen takarda. Shi kuma fallen an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu launi. Allon da aka fi yayi yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Kowane ɗigo yana bukatar bayit 3, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Falle guda ke nan ya tashi bayit 6,220,800. Silima falle 24 take nunawa a sakan, masu wasa kuwa sun saba da 60. In muka ninka, sakan ɗaya zai ci kimanin megabayit 373, minti ɗaya ya haura gigabayit 22.

To, dandalin YouTube yana ba da shawarar a ɗora irin wannan bidiyo a kan megabit 12 cikin sakan, shi kuwa Twitch, inda ake watsa wasa kai tsaye tun 2011, ya daɗe yana ba da shawarar kimanin 6. Da yake bit 8 ke yin bayit ɗaya, ɗanyen hoton da muka lissafa ya kusa megabit 3,000 a sakan. Ma'ana, kashi ɗaya cikin 250 ne kawai zai wuce a dandali na farko, ɗaya cikin 500 a na biyu. Kamar mutum ne ya zo tasha da buhu 250, direba ya ce masa wurin buhu ɗaya ya rage, kuma ana so wanda za a kai wa kayan kada ya lura an rage kome.

3.0 Yadda Ake Matsewa

Dabara ta farko ta dogara ne ga raunin idon ɗan'adam. Ido ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Don haka sai a bar wa kowane ɗigo haskensa, amma a haɗa ɗigo huɗu maƙwabta su yi tarayya a launi guda. Wannan kaɗai ya raba nauyin biyu.

Ta biyu ta fi zurfi. Tushenta wani lissafi ne da Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya mai aiki a Amurka, ya kawo shawararsa a 1972, ya kuma buga shi tare da abokan aikinsa biyu a 1974. Ana yanka falle zuwa ƙananan murabba'ai, alal misali ɗigo 8 sau 8. Lissafin sai ya tankaɗe abin da ke cikin kowane murabba'i, ya ware tsakin, watau babban fasalin haske da inuwa, daga garin, watau ƙananan zane-zane masu laushi. Tankaɗen kansa ba ya ɓatar da kome. Asarar tana zuwa ne bayansa, lokacin da ake adana tsakin da kyau, garin kuwa a yi masa awon igiya ko a zubar da shi ɗungum. Abin da aka zubar a nan ba ya dawowa. Duk wanda ya kalli finafinan Hausa a faifan bidiyo na sidi ya san sakamakon, domin da zarar an soma rawa ko gudu sai fuskokin 'yan wasa su farfashe su koma dabbare-dabbaren murabba'ai. Tsarin MPEG-1 na 1993 ne ke kan waɗancan faya-fayan.

Ta uku ita ce ta fi kowace kawo ragi. Falle biyu da ke bin juna kusan abu ɗaya ne, saboda haka ba a adana kowane cikakke. Akan ajiye cikakken falle jefi-jefi, misali sau ɗaya a sakan biyu wajen watsawa kai tsaye, sauran kuwa bayanin canji kawai suke ɗauke da shi: murabba'i kaza ya gusa dama da ɗigo kaza, murabba'i kaza bai motsa ba. Tsarin H.261 na 1988 ya haɗa dabarun nan wuri guda, kuma waɗanda suka biyo shi, irin su H.264 na 2003, da H.265 na 2013, da AV1 na 2018, a kan wannan harsashi suka yi gini, sai dai kowane ya fi na gabansa iya hasashe, ya kuma fi shi wahalar da na'ura.

4.0 Abin da Ya Sa Wasa Ya Fi Fim Wuya

Dukkan dabarun nan an tsara su ne da hoton kyamara a zuciya. A fim, kyamara takan tsaya wuri ɗaya, abin da ke bayan ɗan wasa yakan yi dishi-dishi, abu mai gudu kuma yakan fito a shafe. Waɗannan duka sauƙi ne ga mai matsewa. Hoton wasa kuwa na'ura ce ta zana shi, kome a cikinsa tangaran yake, daga ganyen bishiya har tsagar bango. Daɗin daɗawa, a wasannin da mai wasa yake gani da idon jarumin, duk lokacin da ya juya hannu allon gaba ɗaya ne yake juyawa. Babu murabba'in da zai ce bai motsa ba. Shi ya sa ciyawa da ruwan sama da hayaƙi suke komawa kamar kunu a bidiyon wasa, su washe in mai wasa ya tsaya cik, su sake dagulewa in ya motsa. Ƙananan rubuce-rubucen gefen allo, masu nuna maki ko lokaci, su ma suna shan wuya, musamman ja a kan baƙi, saboda tarayyar launi da muka ambata a baya.

Matsala ta biyu ita ce, na'urar da ke gudanar da wasan ita ce kuma ake so ta ɗauke shi. Manhajar Fraps, wadda ta fito a 1999 ta kuma yi tashe shekaru da dama, ta kauce wa wannan ta hanyar yin matsi kaɗan ƙwarai lokacin wasa. Sakamakon shi ne manyan fayiloli da take yankawa duk gigabayit 4, sai bayan an gama wasa a bar kwamfuta ta kwana tana matse su. Daga 2006 zuwa 2010 kuma YouTube bai yarda yawancin masu ɗorawa su wuce minti 10 ba, abin da ya sa ake tsinka dogon wasa kashi-kashi. Sauƙi ya samu ne da kamfanoni suka keɓe wani sashe na na'ura don matsewa kaɗai, Intel a 2011, Nvidia a 2012. Manhajar OBS ta kyauta ta bayyana a 2012, sa'an nan PlayStation 4 ta zo a 2013 da maɓalli na musamman mai adana minti 15 na ƙarshe da aka buga.

Sai dai gaggawa tana da farashi. Matsin da aka yi nan take ba ya kai wanda aka yi a tsanake kyau in nauyinsu ɗaya ne, domin na'ura ba ta sami sukunin neman hasashe mafi dacewa ba. Har wa yau, dandalin da aka ɗora wa bidiyo zai sake matse shi da kansa, in kuma aka tura ta WhatsApp a sake matsewa. Kamar hoton takarda ne da aka yi daga wani hoton takardar, kowane zagaye da abin da yake ci. A ganinmu, wanda kuɗin datarsa bai taka kara ya karya ba gara ya sauko zuwa ɗigo 1,280 sau 720, wanda bai kai rabin na farko ba, ya samu hoto ƙarami mai tsabta, da ya nace wa babban allo a kan ƙaramin kaso.

5.0 Adana Umurni

Bari mu koma baya ga hanya ta biyu. A watan Disamba na 1993 kamfanin id Software na jihar Texas ya fitar da wasan Doom. Wasan yana lissafa halin da duniyarsa take ciki sau 35 a sakan, kuma a kowane karo bayit 4 ne suke ɗauke da duk abin da mai wasa ya yi: gaba ko baya, gefe, juyawa, da maɓallan harbi ko buɗe ƙofa. Ko abubuwan da suke kama da sa'a, kamar yawan raunin da harsashi zai yi, daga wani tsayayyen jeri na lambobi 256 ake ɗebo su bi da bi. Saboda haka in aka sake ba wasan umurnin nan daidai yadda suka zo, zai maimaita kome ba ragi ba ƙari.

Lissafin yana da ban mamaki. Umurnin sakan ɗaya bayit 140 ne. Hoton sakan ɗaya na wannan wasa, mai ɗigo 320 sau 200 da bayit ɗaya ga kowane ɗigo, bayit 2,240,000 ne. Bambancin ninki 16,000 ke nan, kuma ba a zubar da ko ɗigo ɗaya ba. Faifan filofi na wancan zamani, wanda ba zai ɗauki ɗanyen hoton sakan guda ba, yana iya ɗaukar umurnin kusan awa uku. Da wannan ne masu tseren gama wasa da sauri suka riƙa musayar bajintarsu ta layin tarho shekaru goma kafin a kafa YouTube a 2005. Wasan Quake na 1996 ya ɗan sauya salo, yana adana bayanin inda kowane abu yake maimakon maɓallan da aka danna, kuma da fayilolinsa ne wasu 'yan wasa suka shirya ɗan gajeren fim mai suna Diary of a Camper a wannan shekara.

Raunin hanyar a bayyane yake. Mai kallo sai ya mallaki wasan, kuma fitowar da aka yi ɗaukar da ita. In kamfani ya gyara ko da saurin dodo ɗaya ne, umurnin da wasan sai su saɓa, a ga jarumi yana harbin bango yana karo da ginshiƙi. Doom ya tsira ne domin an saki asalin rubutun manhajarsa ga jama'a a 1997, masu sha'awa suka kiyaye tsohon lissafinsa, har ana iya kallon ɗaukar shekarun 1990 a allon yau. Wasannin da ake sabuntawa kullum ta intanet ba su da wannan gata. A League of Legends, alal misali, fayil ɗin maimaici yakan daina buɗuwa da zarar sabon gyara ya fito.

Inda hanyar ta yi zarra shi ne wajen shaida. Ana iya yanka bidiyo biyu a ɗinke su a ce zama ɗaya ne, kuma matsewa takan taimaka wajen shafe ɗinkin. Fayil ɗin umurni shi ma ana iya yi masa maguɗi, amma yana ajiye sawun hannun mai shi. A 2021 wasu masu wasan tseren mota na Trackmania suka fiddo umurnin da ke cikin tsofaffin fayilolin gasa suka auna, suka tarar cewa a wasu daga cikinsu ana juya sitiyari da saurin da hannun mutum ba zai iya ba. Bayanin shi ne an rage gudun wasan lokacin ɗauka, sa'an nan aka gabatar da sakamakon kamar a gudunsa na sosai aka yi. Shekaru ana kallon bidiyon waɗannan tsere ba a tabbatar da kome ba.

Bisa ga haka, ɗakin karatu ko cibiyar da ke son adana irin wannan aiki don masu nazari na gaba tana bukatar bidiyon asali kafin dandali ya taɓa shi, da fayil ɗin umurni in wasan yana bayarwa, da kuma kwafin wasan na fitowar da aka yi amfani da ita. Na ukun ne mai wuya, domin haƙƙin mallakarsa yana hannun kamfani, wani wasan ma ba ya tashi sai ya tuntuɓi na'urar kamfanin, wadda ana iya kashe ta kowace rana.