Fentin gida: Yadda ake raya tsohuwar mota a Unguwar Lalle ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba

A Unguwar Lalle da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, tsohuwar Golf ko J5 ita ce jarin gida. Da ita ake kai gero da wake kasuwa, da ita ake garzayawa da mara lafiya asibiti. Idan tsatsa ta cinye ƙasanta, abincin iyali ne ya taɓu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tsada. Kai mota garejin Sakkwato na cin kuɗin mai da kwanaki ba aiki, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Wannan ne ke sa mai mota ya duba yiwuwar yin fentin a ƙofar gidansa.

Aikin yana wurin shiri

Fenti ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi. Idan aka shafa shi a kanta, bayan damina ɗaya zai kumbura ya ɓare. Don haka sai an wanke motar da omo, an goge wuraren tsatsa da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje, aikin mai walda ne. Ƙananan lotsawa kuwa a cike su da fila, a goge su yi sumul, sannan a shafa firaima, wato fentin farko mai kama ƙarfe.

Wanda ba shi da injin feshi zai iya amfani da fentin mai da ƙaramar rola, ya tsinka shi da tina. Shafi marar kauri sau uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda ke zuba ya bar zane. A rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu.

Lokaci da lafiya

Ƙurar hunturu na mannewa a ɗanyen fenti, laimar damina na hana shi bushewa. Kaka ta fi dacewa, da sassafe, a inuwa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa.

Tina na kama wuta nan take, don haka a nisanci murhu da sigari. Tsohon fenti na iya ƙunsar gubar dalma, mai illa ga ƙwaƙwalwar yara. A jiƙa samfefa kafin guga, a sa takunkumi, a kori yara daga wurin.

A bar launin yadda yake

Takardun mota na ɗauke da launinta. A yankin da ke iyaka da Nijar, mai shingayen jami'an tsaro, farar mota a takarda da ta koma shuɗiya na iya jawo wa mai ita tuhuma. Wanda ya dage sai ya canza, ya fara gyara takardunsa a ofishin lasisi.

Fentin gida ba zai yi ƙyallin na gareji ba, amma zai tare tsatsa, motar ta ci gaba da ciyar da gida.